Labarin Dutsen Rana

Duk yaron da ya tashi a Ƙaura Namoda ya san yadda Gulbin Gagare ya kan koma da rani. Ruwa ya janye, ya bar yashi shimfiɗe, mata suna tona 'yan rijiyoyi a cikinsa suna kwarfa. In hantsi ya dubi ludayi, mutum ya ɗebi yashin nan a tafin hannu, ya karkata shi wajen rana, sai ya ga waɗansu 'yan abubuwa suna walƙiya a ciki kamar an barbaɗa garin zinariya. Haka abin ya ke a Bunsuru, wanda ya ratsa ƙasar Zurmi. Ba mu tsammani a cikinku akwai wanda bai taɓa tsayawa ya dubi abin nan ba, ya ce a ransa, yau dai Allah ya kashe ya ba ni.

To, ba zinariya ba ce. Wani irin dutse ne mai ɓawo-ɓawo, masana suna ce da shi maika. Manyan duwatsun nan da ku ke gani a ƙasar Zurmi da ta Ƙaura, in kun fasa ɗaya kun duba sosai, za ku ga yawanci abu uku ne suka cakuɗa a cikinsa: da ƙanƙara, da maika, da wani na uku wanda a ke kira felsfa. Ruwan sama da zafin rana su ke ɓarɓasa su shekara da shekaru, gulbi ya kwashe ɓarɓashin ya gangara da shi wajen Shinkafi da Isa, inda dutse mai tauri ya fara nutsewa ƙarƙashin yashi da yumɓu. Ku riƙe sunan na ukun nan, felsfa, don a kansa labarinmu zai fara.

Kalmar da muka ɗauko yau ta Ingilishi ce, watau sunstone. Kalma biyu aka haɗa, ta fari rana, ta biyu dutse, saboda haka in za mu juya ta da Hausa sai mu ce dutsen rana. Ga ta da sauƙin fassara, amma wanda ya tsaya nan da sauransa, gama cikin shekara wajen 800 sunan nan ya hau kan abubuwa har huɗu a bakin Turawa, ba kuwa wanda ya haɗa dangi da wani a cikinsu.

Na fari shi ne wanda masu sayar da kayan ado su ke nufi. Shi felsfa ne. Felsfa kuwa ba abin wuya ba ne, shi ya fi ko wane irin dutse yawa, har ya ɗara rabin ɓawon duniyan nan da mu ke takawa. 'Yan ƙwayoyin nan farare ko jaja-jaja da ku ke gani a jikin dutsen niƙa, galibinsu shi ne, ba kuwa mai sayensu ko da anini. Amma wani lokaci, sa'ad da dutsen ya ke sandarewa daga narke a cikin ƙasa, sai waɗansu 'yan mitsi-mitsin faya-fayan tama ja su maƙale a cikinsa, ko wanne bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Abin mamaki, ba barkatai su ke kwanciya ba, duk fuska ɗaya su ke duba. Wanda ya taɓa hawa tudu ya hangi gari mai rufin kwano ya san akwai sa'ar da rana ta kan bugi rufin nan gaba ɗaya, garin ya ɗauki ido, jim kaɗan kuma ya dushe. Haka dutsen nan ya ke. Ana juya shi a hannu, yana nan launin zuma ko ruwan goro, shiru, sai a kai wata kusurwa, ya tashi da walƙiya baki ɗaya kamar an hura wuta a cikinsa. Daga nan ya sami sunansa.

An daɗe ana haƙo shi a Tvedestrand, kudancin ƙasar Norwe, ana kuma samunsa a Indiya, da Tanzaniya, da kusa da tafkin Baikal a Rasha. Na jihar Oregon ta Amurka dabam ya ke da saura, don abin da ke walƙiya a cikinsa jan ƙarfe ne tsantsa. Mutanen jihar suna alfahari da shi ƙwarai, har a 1987 majalisarsu ta naɗa shi dutsen adon jiharsu. Wajen tauri, bisa ma'aunin da wani Bajamushe mai suna Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 ya tsaya a 10, dutsen rana yana tsakanin 6 da 6 da rabi. Ƙanƙara tana 7. Ma'anar wannan ita ce yashi yana iya ƙarzarsa, saboda haka wanda ya sa shi a zobe ya riƙa yawo da shi cikin ƙurar hunturu irin tamu, kafin 'yan shekaru sai ya ga fuskarsa ta dakushe.

Na biyu ko dutse ma bai zama ba. A birnin Banis na ƙasar Italiya akwai wani tsibiri, Murano, inda hukumar birnin ta tattara masu narka gilashi tun 1291, don tsoron gobara. A cikin ƙarni na 17 waɗansu daga cikinsu suka gano dabarar narka gilashi tare da jan ƙarfe, su toshe masa iska, su bar shi ya huce sannu sannu. In ya huce aka fasa tukunya, sai a tarad da gilashi ja-ja cike da ɗigon ƙyalli kamar taurari. An ce wai da fari tsautsayi ne, wani ya zubad da garin ƙarfe cikin tukunya ba da nufi ba. Ko haka ne ko ƙari ne irin na masu ba da labari, sunan da suka ba shi, abenturin, daga kalmarsu ta dace ya fito, gama ba kullum aikin ya kan yi kyau ba, sai an yi katari. Ga inda abin dariya ya ke. Da masana suka zo tsara sunayen duwatsu masu irin wannan ƙyalli, sai suka ari sunan gilashin suka liƙa musu, har dutsen ranan ainihi ma suka kira shi felsfa mai kama da abenturin. Ashe na hannu ne ya raɗa wa na Allah suna. Har wa yau kuma ana yin gilashin nan da yawa, ana gogewa, ana jerawa a tsarkiya, waɗansu 'yan kasuwa suna sayad da shi da sunan dutsen rana ga wanda bai sani ba.

Na uku ya girmi waɗannan duka a cikin littattafai, shi ne kuma ya fi daɗin labari. Can arewacin Turai akwai waɗansu mutane masu jiragen ruwa, kakannin mutanen Norwe da Denmak, waɗanda a ke kira Baikin. Sun sauka tsibirin Aislan wajen shekara ta 870, suka isa Girinlan wajen 985, wajen shekara ta 1000 kuma suka taka gaɓar Amurka. Duk wannan sun yi shi ba su da allurar nan mai nuna arewa, gama ba a ji labarinta a Turai ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 12. Madugun da ke ratsa Sahara da ayari yana da taurari. Su kuwa waɗannan da bazara su ke tafiya, lokacin da dare ba ya yin duhu sosai a can arewa, balle a ga tauraro. Rana ce kaɗai jagorarsu, ga shi kuwa teku ce mai hazo da gizagizai, a kan yi kwanaki ba a ga ƙwayar rana ba. Ku tuna ranar da hazo ya sauka sosai a Shinkafi, har mutum ya ɗaga kai ya rasa inda rana ta ke. To, ku ɗauke ƙasa da itatuwa da hanya, ku bar mutum da ruwa ko ta ina.

A cikin wani tsohon labari da mutanen Aislan suka rubuta, an ce Sarki Olaf na Norwe, wanda ya mutu a 1030, ya sauka gidan wani mutum mai hikima. Ɗan mai gidan, Sigurd, ya ce shi yana iya sanin inda rana ta ke ko ba a ganinta. Da gari ya waye sama ta rufe ruf, ƙanƙara mai laushi tana zuba. Sarki ya sa aka duba, ba ko tafin hannu na sarari. Ya ce wa Sigurd ya nuna. Sigurd ya nuna. Sa'an nan Sarki ya sa aka kawo dutsen rana, ya ɗaga shi sama, ya ga inda haske ya ke fitowa, ya tarar daidai wurin da yaron ya nuna ne. Mai labarin bai faɗi ko wane irin dutse ba ne, ya ambace shi kawai kamar abin da kowa ya sani. Ba kuma a tatsuniya kaɗai sunan ya fito ba, gama a takardun lissafin kayan majami'un Aislan na ƙarni na 14 da na 15 an rubuta dutsen rana cikin dukiyarsu, tare da littattafai da tufafi.

Aka daɗe ana ɗaukar zancen nan almara. Sai a 1967 wani masanin kayan tarihi na Denmak, Thorkild Ramskou, ya kawo shawara cewa watakila gaskiya ne. A Aislan akwai wani dutse garai-garai kamar ruwa, irin dangin farar ƙasa, wanda in an ɗora shi a kan rubutu sai ko wane layi ya koma biyu. Wani malami, Rasmus Bartholin, ya bayyana wannan hali nasa tun 1669. Dalili shi ne yana raba haske gida biyu. Hasken da ke saukowa daga sararin sama kuwa yana da wani tsari wanda ido ba ya gani, kamar yadda zaren saƙa ya ke miƙe ya dubi waje ɗaya, tsarin nan kuma yana bin inda rana ta ke. In aka ɗiga baƙi a kan dutsen, aka duba sama ta cikinsa, za a ga ɗigo biyu, ɗaya ya fi ɗaya duhu. A yi ta juyawa har duhunsu ya zo daidai. A nan gefen dutsen zai nuna wajen da rana ta ɓuya. An gwada, an ga yana yi, musamman in akwai ɗan sarari a sama, ko kuwa rana ta faɗi ba da daɗewa ba. Daga baya masu nutso suka tsamo irin dutsen nan daga wani jirgin Ingila da ya nutse kusa da tsibirin Alderney a 1592, yana kwance kusa da kayan auna hanya, masanan Faransa suka buga bayaninsa a 2013. Duk da haka ba a taɓa tarad da shi cikin jirgin Baikin ba, saboda haka masana suna nan suna gardama. Mu dai abin da ya dame mu shi ne, in shawarar Ramskou daidai ce, wannan dutsen rana ba ya ƙyalli ko kaɗan. Na fari an ba shi suna don ya yi kama da rana, wannan kuwa don yana nemo ta.

Na huɗu ba za mu daɗe a kansa ba. Wani ƙaton faifan dutse ne baƙi, faɗinsa wajen ƙafa 12, nauyinsa ya ɗara tan 24, wanda mutanen Aztek suka sassaƙa da alamun kwanakinsu. Ma'aikata suka tono shi a dandalin birnin Meziko ran 17 ga Disamba, 1790. Shi ma dutsen rana a ke kiransa, saboda fuskar da ke tsakiyarsa.

Kada ku yi saurin yi wa Turawa dariya, ku ce sun rasa sunaye. Mu ma haka mu ke. Lu'ulu'u a Larabci ƙwaya ce fara da ke fitowa cikin wata kawa ta teku, wadda masu nutso na Baharain suka shahara da tsamowa. Da kalmar ta zo bakinmu sai muka ɗora ta har a kan daimon, wanda a ke haƙowa cikin ƙasa a Saliyo da Afirka ta Kudu, alhali ko kusa ba su gamu ba. Murjani muna lissafa shi cikin duwatsun wuya, shi kuwa gini ne na waɗansu 'yan halittu a ƙarƙashin Bahar Rum, yana da rassa kamar itace. Yakutu ma masana harsuna sun bi sawunsa daga Larabci har zuwa harshen Yunanawa. Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma linzami ɗaya ya kan shiga bakin doki fiye da ɗaya.

Yadda sunayen nan da kayansu suka iso mana, hanya ce ta kawo su, ƙasar nan tamu kuwa a bakin hanya ta ke. Bayan da Alƙalawa ta faɗi a 1808, yaƙin da Namoda, mutumin Alibawan Zurmi, ya ke cikin manyansa, Sakkwato ta zama cibiya, hanyar da ta haɗa ta da Katsina da Kano kuwa ta nan ta bi. Kyaftin Clapperton ya bi ta Zurmi a 1824. Dakta Barth ya biyo a 1853, ta Zurmi da Dutsi da Badarawa, ya tarad da kasuwar Badarawa cike maƙil, ga auduga tuli. Inda ayari ya ke sauka, nan ɗan koli ya ke shimfiɗa tabarmarsa: allura, da madubi, da turare, da tozali, da duwatsun wuya. Cinikin nan kuma ya girmi jihadi nesa. A Durɓi ta Kusheyi, ƙasar Katsina, an tona kaburburan manya a 1907 da 1992, aka sami duwatsun wuya, da wuri, da zinariya, da tasar ƙarfe aikin ƙasashen Gabas, waɗansu tun na wajen ƙarni na 14.

Mu ɗauki tsakiya da talhatana, waɗanda kakanninmu mata suka fi ji da su. Tsakiya dutse ce dangin ƙanƙara, ja mai ratsi-ratsi, Larabawa suna ce da irinta aƙiƙ. Babbar mahaifarta garin Kambay ne, a ƙasar Gujarat ta Indiya, inda aka yi dubban shekaru ana wannan sana'a a yankin. Su kan gasa dutsen cikin tukwane har ja ya fito, su fasa, su goge, su huda shi da ɗan ƙarfe mai bakin daimon. Daga can jirage su kai Jidda da Masar, alhazai da fatake su ƙaraso da ita. Talhatana kuwa, mai zobe a sama da tsini a ƙasa, wadda Buzaye ma su ke so ƙwarai, ita ma da wannan dutse aka fara yinta. To, a Jamus akwai wani gari, Idar-Oberstein, na masu gugar duwatsu, waɗanda nasu dutsen ya kusa ƙarewa. Wajen 1830 'yan'uwansu da suka yi ƙaura zuwa Barazil suka tarad da irinsa jibge a can, suka fara aiko musu. Na Barazil toka-toka ne, amma Jamusawan sun san yadda za su jiƙa shi cikin ruwan ƙarfe su gasa, ya fito ja wur. Suka samo samfurin abin da mutanen Afirka ke so, suka yi ta yin irinsa, har suka ƙwace yawancin kasuwar daga hannun Kambay. Ba su gama murna ba sai masu gilashi na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yanzu, suka shiga zuba talhatana a mazubi, ja da kore da shuɗi, a kan kuɗi kaɗan. Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda a 1929, ta tsaya nan, kayan da dā su ke zuwa daga arewa a bayan raƙumi sai suka koma zuwa daga Ikko cikin akwati, a sauke a kanti, 'yan koli su sara su bazu kasuwannin ƙauye.

Ku duba, abu uku ke nan a ƙarƙashin suna ɗaya: dutsen Indiya, da dutsen Barazil rinanne, da gilashi. Akwai ma na gida, don a dā fataken Hausa sun daɗe suna ɗauko wani jan dutse daga gefen Kwara can sama, cikin ƙasar Nijar ta yau, suna kai wa Ilori, inda a ke goge shi a yi lantana, Masagan Bida kuma suna narka kwalabe su yi ƙarau da duwatsun wuya.

A ganinmu ba a yin kwaikwayon laifin ya ke ba. An ce araha ba ta ado, amma 'yar talakan da ta sa talhatanar gilashi ran Salla ta yi adonta, ta kuma san abin da ta saya. Laifi yana shigowa ne ran da aka karɓi kuɗin dutse aka ba da gilashi. Dutsen wuya a wurin mace ta dā ajiya ne, kamar yadda saniya ta ke ga Bafillace. Da shi a ke kai ta ɗaki, shi ta ke bar wa 'yarta, shi ta ke kwancewa in ta ɓaci. A shekarar yunwa irin ta 1914, matar da ta kai tsakiyarta kasuwa don ta auno hatsi, dillali ya juya ya ce mata ƙarau ce, kun ga ai ba ado kaɗai ta rasa ba.

Akwai kuma wani dutse mai ƙyalli wanda ya fi duk waɗannan kusa da mu, don yana cikin tandu a ɗakunan iyayenmu. Tozali mu ke nufi. Kafin a niƙa shi ku dube shi a tabarmar ɗan koli: nauyi gare shi, yana walƙiya kamar azurfa, in ya fashe sai ya rabu 'yan murabba'i-murabba'i. An daɗe ana kawo shi daga kwarin Binuwai, wajen Zurak da Arufu, da kuma Abakaliki. Turawan da suka fara rubuta labarin kasuwanninmu sun kira shi antimoni, sunan wani ƙarfe dabam, littafi ya kwafa daga littafi, har cikin ƙamus. Da aka auna sai aka ga galibin tozalin ƙasarmu dalma ce haɗe da farar wuta, dalmar kuwa ta fi kashi 80 cikin 100. Dalma dafi ce, ta fi kuma yi wa ƙananan yara ɓarna, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini. A 2011 likitocin birnin Boston na Amurka suka sami dalma da yawa a jinin wani jariri, suka bi sawu har suka gano tozalin da aka kawo daga Nijeriya ne a ke sa masa, da aka auna shi kuwa aka sami dalma kashi 82 da 'yan kai. Uwa ba ta nufi ɗanta da sharri ba, ta yi abin da ta ga uwarta ta yi. Amma jariri ya kan murza ido ya kai hannu baki, saboda haka shawararmu ita ce a raba jarirai da tozalin dutse.

Abin da ya fi wannan muni a Zamfara ya faru. Tun wajen 1930 da 'yan kai aka yi rububin haƙar zinariya a Lardin Sakkwato, aikin ya lafa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da kuɗin zinariya ya hau bayan 2008 sai mutanen ƙauyuka suka koma ramuka. A ƙasar Anka da Bukkuyum, kudu maso yamma da mu, jijiyar dutsen da ke ɗauke da zinariya tana ɗauke da dalma mai yawa. Maza suka riƙa kawo dutsen gida cikin buhu, ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin niƙan hatsi, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A watan Maris na 2010 ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta lura yara suna ta mutuwa da sanƙarewa a ƙauyuka irin su 'Yargalma da Dareta, maganin zazzaɓi kuwa ba ya yi musu kome. Da aka auna jininsu aka ga dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu, Allah ya ji ƙansu, dubbai kuma suka sha magani. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, gari bayan gari, Bagega ba a kai gare ta ba sai 2013. Mutanen nan dutsen zinariya su ke ce da abin da su ke niƙawa, ba su kuwa yi ƙarya ba, akwai zinariya a ciki. Sai dai sunan ya faɗi abin da a ke nema, ya yi shiru a kan abin da ya fi yawa.

Saboda haka in dutse mai ƙyalli ya zo hannunku, ko a gulbi ko a kasuwa, akwai gwaji da ɗan makaranta zai iya yi ba da kayan aiki ba. Ku fara da nauyi. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, tozali wajen sau 7 da rabi, maika kuwa wajen sau 3 kaɗai, shi ya sa in an karkaɗa yashi da ruwa a ƙwarya maika ta kan tashi ta bi ruwa, zinariya ta kwanta a gindi. Sa'an nan ku danna da bakin allura. Zinariya ta kan lotsa ba ta fashe ba, maika ta ɓare faya-faya, tozali ya ruguje ya bar baƙi a takarda. Akwai kuma wani rawaya mai kama da zinariya ƙwarai, ƙarfe ne da farar wuta, shi allura ba ta kama shi, in an buga ya tarwatse. Wanda ya shige muku duhu kada ku daka shi a gida, kada ku sa a baki, ku wanke hannu bayan kun taɓa. Hukumar binciken ma'adinai ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1919, tana da ɗakin gwaji a Kaduna don irin wannan aiki.

In kuwa wani ya miƙo muku tsarkiya ja-ja mai walƙiya ya ce dutsen rana ne, ku fita da ita sarari, ku juya ƙwaya ɗaya a hankali. Gilashin Murano da 'ya'yansa ƙyallinsu a baje ya ke daidai wa daida, ta ko wane gefe aka duba yana nan, ko wace ƙwaya kuma kamar 'yar'uwarta, wani lokaci har da ɗan kumfa a ciki. Na ainihi ƙwayoyinsa ba su zama ɗaya, wata ta fi wata haske, wata da tabo, ƙyallin kuma ya kan ɓace ɗungum, sai an kai kusurwar nan tasa ya tashi gaba ɗaya, a ƙara juyawa kaɗan ya sake ɓuya.